Sun ce Sadik suke so a fim: in bar shi ko in hana?

Baban Sadik:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, don Allah yau ban da zolaya. Asabar ɗin da ta wuce makarantar su Sadik a Tudun Wada ta yi bikin ba da kyaututtuka, 'yan ajinsu suka yi ɗan wasan kwaikwayo. Shi ya fito a mai gari, an naɗa masa rawani da mayafin uwarsa, yana ta muzurai yana yanke wa ɓarawon akuya hukunci. Iyaye suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Da aka tashi wani saurayi ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce shi furodusa ne, suna shirya fim mai dogon zango na YouTube, kuma irin yaron nan suke nema. Jiya kaɗai sau uku ya kira ni. Sadik shekararsa 8, aji uku yake. Uwarsa ta ce ba da yawunta ba. Shi kuma tun ranar ya hana mu sakat. Ni dai na rasa ta cewa.

Nazifi Bakano:
Wa alaikumus salam. Haba Yaya, ka bar yaro mana. Ku Zage-zagi sau ɗaya Allah ya ba ku jarumi, shi ma sai kun kira taron gari a kansa?

Alhaji Tanimu:
Kai Nazifi, kama bakinka. Tun ba a san za a yi wata aba wai ita Kannywood ba Kasimu Yero ɗan Zariya yake cika akwatin talabijin a Arewa. Allah ya jiƙansa. A wurinmu kuka ga ana yi.

Nazifi Bakano:
Amin. Na tuba ranka ya daɗe, na bi Allah na bi ka.

Anti Rabi:
Baban Sadik, kafin a kai ga bari ko hanawa. Wace rana za su riƙa ɗauka? A ina? Nawa za su ba shi, kuma a hannun wa? Wa zai zauna da shi a can?

Baban Sadik:
Wallahi Anti ko ɗaya ban tambaya ba. Cewa ya yi dai za a kyautata masa.

Anti Rabi:
"Za a kyautata masa" ba kuɗi ba ne, ba kuma lokaci ba ne. Shekarata 19 ina koyarwa a firamare, na ga yaran da talla ta raba da aji. Fim ɗin ma in ba a sa ido ba talla ce, faranti ne kawai babu a kai.

Malam Lawal Samaru:
Bari in sa baki, ku yi haƙuri zan ɗan ja. Lokacin ina karatun wasan kwaikwayo a ABU akwai mutumin da na yi ta bin tarihinsa saboda irin wannan tambayar, wani Ba'amurke, Ron Howard. Duk wanda ya kalli Apollo 13 ko A Beautiful Mind ya ga aikinsa, ko da bai riƙe sunan ba.

An haife shi ranar 1 ga Maris 1954 a garin Duncan na jihar Oklahoma. Uwa da uba duk 'yan wasa ne, amma ba sanannu ba, irin masu fitowa a ƙananan rol ɗin nan da ba a tuna fuskarsu. Yana da shekara 6, a 1960, aka ɗauke shi a wani shirin barkwanci na talabijin, The Andy Griffith Show. Ya fito a Opie, maraya, ɗan shugaban 'yan sandan wani ƙaramin gari. Shekara 8 ana yi, sai 1968 aka rufe. Ka ga a gaban kamara ya yi famfara, a gabanta kuma ya fara zama saurayi.

Farkon shirin ko karatu bai iya ba. Babansa Rance ne ke zaunar da shi ya karanta masa maganganun, ya fahimtar da shi me yaron cikin labarin yake ji, har ya riƙe. Akwai ma wani abin dariya. A mabuɗin shirin ana nuna shi da baban nasa na fim sun ɗauko fatsa za su kamun kifi, ya tsinci dutse ya jefa cikin tafki. To hannun bai yi ƙwari ba, dutsen ba ya kai wa ruwa. Sai aka ɓoye wani ma'aikaci a bayan duhuwa, yaro na ɗaga hannu shi kuma ya wurga nasa. Shekara da shekaru mutanen Amurka suna kallon jifan wani ƙato suna yaba wa yaro.

Ga inda nake so Baban Sadik ya duba. Uban nan ba ya nisa da wurin ɗauka. Dokar Kalifoniya ta tilasta a ba yaro awa 3 na karatu a duk ranar makaranta da yake aiki, da malami a nan wurin. In an tafi hutun ɗauka kuma makarantar gwamnati ta garinsu, Burbank, yake komawa ya zauna kan benci kamar ɗan kowa. Kuɗinsa iyayen suka tara masa, ɗan kaso kaɗan suke cira na kula da harkar tasa, cefanen gida kuwa daga aljihun uban yake fita.

Nazifi Bakano:
Ka ji ko Yaya? Yaron da ya kasa jifa ya zo ya ci Oscar, babbar kyautar fim ta Amurka. Ina ga Sadik da har hukunci ya iya yankewa?

Kawu Iro:
Nazifi ka bar wasa. Ni fa na yi, ba labari aka ba ni ba.

Wajen 1987 ne, ina aji huɗu. Wata ƙungiyar wasa ta ɗauke ni, ana ɗaukar wasan a kai gidan talabijin. Rol ɗina maraya ne da kishiyar uwa ke hana shi abinci, shi kuma yana shiga akurki yana satar ƙwai. Baban mu bai sani ba, shi a saninsa ina makarantar allo. Ba zan manta wata Laraba ba, a wani gida cikin birni, can wajen Ƙofar Gayan. Tun ƙarfe 8 na safe aka ajiye ni a zaure, ba a zo kaina ba sai bayan la'asar. Aka ce in yi kuka. Na matse ido na matse, hawaye ya ƙi. Sai wani ya ciro ɗan gwangwanin man zafi daga aljihu, ya lakata ya shafa min a ƙasan ido. Wallahi na yi kukan da ko rasuwar kakata ban yi ba. Darakta ya ce yauwa, yanzu ka yi wasa. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, da ta dawo aka sake shafa min aka maimaita.

Sallamar da aka yi min: kwalbar lemo, guntun biredi, da naira 2 kuɗin mota. Kuma a lokacin murna nake yi, don Allah kar ku ce an tilasta ni. Ni nake guduwa daga aji in je. Na maimaita aji huɗu.

Sunan kuma ya bi ni. Ɓarawon Ƙwai. A makaranta, a filin ƙwallo, a masallaci. Ina da shekara 29, da shagona na kayan babur a Sabon Gari, muka je gaisuwar iyaye gidan su Maman Hafsat, gwaggonta ta leƙo ta labule ta ce, wai ba wannan ne ɓarawon ƙwan nan ba? Abokaina suka kasa riƙe dariya a gaban surukai.

Amma ba wannan ne ya fi tsaya min a rai ba. Ni kamarar nake so. Rannan na ga mai ɗaukar ya juya baya, na miƙa hannu zan leƙa ta ɗan ramin nan da yake sa ido. Ya juyo ya make min hannu, ya ce ko sayar da ni aka yi ba zan biya ta ba. Tun daga nan ban sake matsawa kusa ba.

Anti Rabi:
Innalillahi. Man zafi a idon yaro.

Baban Sadik:
Yaya Iro, shekara nawa muna tare ban taɓa jin wannan ba. Ashe sunan nan da tsofaffin unguwa ke kiranka da shi daga nan ya samo asali.

Malam Lawal Samaru:
Kawu, wannan make hannun ya taɓa ni, don akasinsa aka yi wa Howard. Ranar da ya cika shekara 8, Andy Griffith, wanda ya fito a babansa, da furodusan shirin suka ba shi kyautar ƙaramar kamara mai fim na milimita 8. Da ita ya fara, ƙanensa Clint ne jaruminsa, 'yan unguwa ne sauran 'yan wasa. Kuma ana barinsa ya zauna cikin manya in ana karatun labari kafin ɗauka. Ya sha ba da labarin ranar da ya ce wa darakta yaro ba zai faɗi wannan maganar haka ba, ya faɗi yadda yaro zai ce, darakta ya ce to a yi yadda ya faɗa. Lokacin bai wuce shekara 7 ba. Yaron da aka saurara a wannan shekarun, ai dole ya fara jin shi ma zai iya tsara abu.

Tsokanar suna kuwa shi ma bai tsira ba. 'Yan makarantarsu sun yi ta zolayarsa da Opie har yana dambe. Yau ya haura 70, sanƙo ya cinye kan, kullum yana cikin hular hana-salla, amma har gobe akwai masu ganinsa su ce ga Opie.

Ummi Kongo:
Assalamu alaikum iyayena. Maganar da Anti ta yi ta "a hannun wa" ce ta sa na fito, don mun taɓa tattauna ta da 'yan ajinmu a nan tsangayar shari'a. Dokar da ke kare kuɗin yaran fim a Kalifoniya ba haka kawai aka yi ta ba, wani yaro aka cuta. Sunansa Jackie Coogan, shi ne yaron da ya fito tare da Charlie Chaplin a The Kid a 1921. An ƙiyasta ya samu dala miliyan 3 zuwa 4 yana ƙarami. Da ya girma ya nemi kuɗinsa sai ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye kusan duka. A 1938 ya kai su kotu, abin da ya shigo hannunsa bai wuce dala 126,000 ba. A 1939 aka yi dokar da har yau ake kira da sunansa, kuma a yadda take yanzu dole a ware kashi 15 cikin 100 na abin da yaro ya samu a wani asusu da ba mai taɓawa sai ya cika 18.

Abin lura, ba furodusa ne ya cinye kuɗin Coogan ba, 'yan gida ne. Ba da kai nake ba Baba, Allah ya huci zuciyarka. Ina nufin ko naira dubu biyar ce, a buɗe masa asusu da sunansa a riƙa zubawa, kuma a rubuta yarjejeniya ko a takardar littafin makaranta ce, da sa hannun shaidu biyu.

Baban Sadik:
Ba komai 'yata, gaskiya kika faɗa. Ni kaina in kuɗin ya shigo ranar da babu shinkafa a gida ban san me zan yi ba.

Alhaji Tanimu:
Ku dai kun tafi Amurka kun bar mu. Mu da muka tashi da fim ɗin Indiya a sinimar Sabon Gari muna da namu misalin. Aamir Khan. A 1965 aka haife shi, yana da shekara 8, daidai Sadik, ya fito a Yaadon Ki Baaraat na 1973, yana cikin yaran da ake waƙar gidan da su a farkon fim. Daga nan bai yi ta fitowa barkatai ba. Da ya tasa sai ya koma bayan kamara yana yi wa baffansa Nasir Hussain mataimakin darakta, ya koyi aikin tun daga tushe, sannan a 1988 ya fito jarumi sosai. To da ya tashi ba da umarni da kansa a 2007, fim ɗin me ya yi? Taare Zameen Par, labarin yaron da haruffa ke yi wa rawa a ido, malamai da iyaye suna ce masa daƙiƙi. Ni da jikokina muka kalla, na faki idonsu na share hawaye da bakin rawani. Wanda ya taɓa tsayawa gaban kamara yana yaro ne zai iya fito da yaro haka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Anti Rabi:
Alhaji, da girmanka, karin maganar nan taka ni ta goya wa baya. Barewar wa? Aamir babansa Tahir Hussain furodusa ne. Wanda ya ba da umarnin fim ɗin da ya fara fitowa wan babansa ne. Wanda ya ba da umarnin na 1988 ɗan baffan nasa ne. A tsakar gidansu ya yi wasan, wa zai shafa masa man zafi? Shi ma na Malam Lawal ubansa ɗan wasa ne, ya san ƙarfe nawa ake tashi, ya san nawa ake biya, ya san wanda zai ce wa a'a. Baban Sadik tela ne. In ya je lokeshan ya zauna, wa zai zauna a kan keke? Ga shi an kusa shiga ɗinkin salla.

Fim ɗin yaron nan mai matsalar karatu kam na kalla, har na sa malamanmu biyu sun kalla, don ina da irinsa a aji biyu yanzu haka, yana rubuta b a wurin d. Amma wannan wata magana ce.

Kuma ku lura, tun ɗazu mutum biyu kuke ta ambata cikin dubban yaran da aka taɓa sakawa a fim. Sauran ina suke? Ɗaya dai ga shi nan a zauren nan yana sayar da kayan babur.

Kawu Iro:
Kuma alhamdu lillahi shagon yana ciyar da mutum tara, Anti.

Anti Rabi:
Allah ya ƙara albarka Kawu, ba raini ba ne wallahi. Nufina ba fim ne ya ba ka shagon ba.

Malam Lawal Samaru:
Anti ta kama ni, kuma zan ƙara mata hujja da hannuna. Clint ɗin nan ƙanen Howard, shi ma tauraro ne yana yaro, gida ɗaya, uba ɗaya, tarbiyya ɗaya. Amma ya faɗa shaye-shaye na tsawon shekaru kafin Allah ya raba shi da shi, kuma da bakinsa ya faɗa a littafin tarihin yarintarsu da suka rubuta tare a 2021. To in mai uba a tsaye ya zame, ina ga wanda aka tura shi kaɗai a bayan ɗan acaɓa?

Shi kansa Ron da shirin ya ƙare yana ɗan 14 sai da aiki ya yi masa wuya. Kyan yarinta ya tafi, kuma furodusoshi sun fi son ɗaukar ɗan 18 mai ƙaramar fuska, don shi doka ba ta ƙayyade masa awannin aiki ba, ba kuma sai an ɗauko masa malami ba. A wannan gaɓar ce yawancin yaran fim ke ɓacewa. Jiya kowa na ɗaga ka, yau ba mai kiranka, kai kuma ba ka san laifin da ka yi ba.

Malam Shu'aibu Kwarbai:
Ni ba kuɗin ne damuwata ba. Yaro ɗan 8 kunnensa buɗe yake. Awa goma a cikin samari da 'yan mata, me zai ji, me zai gani? Wa zai ce masa tashi ka yi azahar? Sannan in an ce Asabar da Lahadi za a riƙa ɗauka, to haddar safe fa? Boko ta ɗauki Litinin zuwa Juma'a, Islamiyya ta ɗauki Asabar zuwa Laraba, ranar fim ɗin daga jikin wacce za a yanko? Kuma wasan Malam Iro an nuna an wuce, kaset ɗin ma ƙila ya lalace. Na YouTube kuwa yana nan, ranar da Sadik zai nemi aure surukai a waya za su kalla.

Nazifi Bakano:
To bari in ajiye wasa, tunda sana'ata ake magana. Shekarata 11 ina tace fim, a Kano na koya kafin in buɗe ɗan shagona a nan PZ. Malam Shu'aibu, ba kowane lokeshan ne yadda ake zato ba, na yi aiki da daraktocin da in lokacin salla ya yi ko ana tsakiyar sin sai an tsaya. Amma abin da Kawu Iro ya faɗa na zaman jira, har gobe haka yake. A ce ka zo ƙarfe 9, ba za a kunna kamara ba sai 2, don jarumar ba ta iso ba ko janareta ya ƙi tashi. Yaro shi ake bari ƙarshe saboda shi ba zai yi fushi ya tafi ba.

Maganar kuɗi kuma, ku fahimci yadda abin yake. Mai fim ɗin YouTube sai an kalla ake biyansa, kuma ba a ranar ba. Da yawa bashi suke ci su yi zango na farko. Manya ma ba takarda ake rubuta musu ba, sallama ce, abin da ya sawwaƙa a naɗe a sa maka a aljihu. Don haka in Yaya ya ce a rubuta, kar ya yi mamaki in an kalle shi kamar ya zo da sabon addini. Amma ya nema ɗin. Wanda ke da niyyar biya takarda ba ta ba shi tsoro.

Sai dai kar a rufe ƙofar duka. Ni ina ɗan 15 na fara da riƙe wayar fitila da sayo ruwan leda. Da ba a bar ni na tsaya a wurin ba da yau ban san sana'ar ba.

Malam Lawal Samaru:
Yauwa Nazifi, ka kawo ni inda nake son zuwa. Howard bai jira wani ya ɗauke shi ya ɗora kan kujerar darakta ba, ciniki ya yi. A 1973 ya fito a American Graffiti na George Lucas, ya shiga makarantar koyon fim ta jami'ar Kudancin Kalifoniya amma bai gama ba, don a 1974 an ɗauke shi jarumin wani shirin, Happy Days. Nan kuma ya ga abin da ya ƙara buɗe masa ido. Shi ne jarumi, amma wani da aka kawo a ƙaramin rol, Henry Winkler, ya zo ya kwashe farin jinin, har masu tashar suka so sauya wa shirin suna zuwa sunan rol ɗin wancan. Bai yarda ba, kuma abotarsu ba ta ɓaci ba, amma ya gane ɗan wasa kujerar aro yake kai.

Sai ga Roger Corman, wani furodusa da ya yi suna wajen fina-finai masu arha da ba sababbin hannu dama. Ya nemi Howard ya fito masa a wani fim na tseren motoci a 1976. Howard ya ce zai yi, amma ladan da yake so shi ne a bar shi ya ba da umarni. Haka aka yi Grand Theft Auto a 1977, shi da babansa suka rubuta labarin, yana ɗan 23. Kuɗin da aka kashe bai kai dala miliyan ɗaya ba, fim ya dawo da ninkin-ba-ninki. A 1980 ya bar Happy Days ana tsakiyar cin kasuwa, abin da mutane suka ɗauka wauta ce. Splash na 1984 da Tom Hanks ya tsayar da shi da ƙafarsa, shi da abokinsa Brian Grazer suka kafa kamfanin Imagine, a 2002 kuma ya karɓi Oscar na gwarzon darakta da A Beautiful Mind, labarin masanin lissafin nan John Nash da ya yi fama da taɓin hankali.

Sunan da ya yi yana yaro, kuɗin shiga kawai ya zama. Abin da ya ci da shi shi ne abin da ya tsinta yana zaune a gefe yana kallon mai haske da mai kamara.

Nazifi Bakano:
Amma Malam, tsakani da Allah, mutumin nan gwani ne ko dai mai biyayya ne? Ni a matsayina na mai tacewa, in ka ɗauko min sin ɗin wasu daraktoci ko ba suna zan gane hannunsu. Nasa kuwa kamar ɗinkin kanti, tsaf-tsaf, amma ba ka ce ga telan ba. Wanda ya yi a 2020 a kan littafin J.D. Vance, wanda ya zama mataimakin shugaban Amurka daga baya, ai masu sharhi wankin babban bargo suka yi masa.

Malam Lawal Samaru:
Sun yi masa, kuma ni ma ban so fim ɗin ba. Amma mai biyayya ba ya yin abin da ya yi a Apollo 13 a 1995. Ana son a nuna 'yan sama jannati suna shawagi babu nauyi. Maimakon ya rataye su da igiya, sai ya sa aka gina cikin kumbon a cikin jirgin horaswa na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wanda ke cillawa sama ya sulmiyo ƙasa. Kowace sulmiyowa daƙiƙa 25 ko ƙasa da haka ake samu na rashin nauyi, a cikinta za a ɗauki abin da za a ɗauka, sai a sake hawa. Sau ɗaruruwa. Ka tace wannan ka gani in wasa ne. Ka kuma nemi wanda ya yi a 2022 kan yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu da ruwa ya rufe a kogo a Tailan a 2018. Kowa ya san an ceto su, amma sai ka kama kanka kana riƙe numfashi. Ni a wurina telan da ba a ganin zarensa shi ne tela. A tambayi Baban Sadik.

Alhaji Tanimu:
Kun ga, mutum ya zo neman shawara a kan ɗansa kun kai mu sararin samaniya. Ina mai maganar ma? Kwana biyu ke nan bai ce uffan ba.

Baban Sadik:
Ina nan ranka ya daɗe, ina karantawa ina ɗinki. Shekaranjiya bayan magariba na kira furodusan, na rubuta tambayoyin Anti a bayan takardar awo ina bi ɗaya bayan ɗaya. Ranakun ɗauka ya ce ba su da tsayayyar rana, duk ranar da jarumai suka samu sarari, wani lokaci har dare. Na ce ni sai dai dogon hutu, kuma kafin magariba yaro yana gida, kuma ko ni ko ƙanena Bashir ɗaya zai zauna da shi. Ya ce ba matsala, amma muryar ta sauya. Na tambayi rol ɗin, ashe ba mai gari ba ne, yaro ne mara kunya mai zagin kakarsa, wai irin wannan ne ke yawo a waya. Da na zo maganar takarda da asusu sai ya yi dariya ya ce haba Alhaji, ai mun zama 'yan uwa. Na ce ko ɗan uwana ne ya kawo ɗinki sai na rubuta awonsa. Ya ce zai yi magana da oga ya kira ni. Mutumin da ke kira sau uku a rana, yau kwana biyu shiru.

Uwar Sadik har da guɗa. Shi kuwa gogan ya yi kuka ya gaji, jiya na dawo na tarar ya ɗauke tsohuwar wayata mai fasasshen gilashi, ya jera ƙannensa mata biyu a gindin darbejiya, ya ɗaure akuyar maƙwabta a matsayin wadda ake tuhuma, yana ce musu a sake, ba a yi daidai ba. Minti 14 ya ɗauka, rabi duk ƙafafu ne da ƙasa.

Nazifi Bakano:
Yaya turo min shi yadda yake, kar ka goge komai. Asabar bayan an taso hadda ka kawo shi shago, in zaunar da shi gaban kwamfuta ya ga yadda ake yanke minti 14 ya koma 2. Akwai kamarar da nake ɗaukar biki da ita, zan rataya masa a wuya ya ji nauyinta. Kyauta, saboda a san Kanawa ma suna da kirki.

Anti Rabi:
Bayan ya gama aikin gida.

Kawu Iro:
Nazifi, ƙarfe nawa? Ni ma zan bar wa yara shago in zo. Shekara kusan 40 ke nan ina son in leƙa ramin nan.

Nazifi Bakano:
Ƙarfe 12 Kawu. Ba mai make maka hannu. Amma ka taho mana da ƙwai.